Bayan motata yana sauka cikin dare: kwamfireso ne ya gaji ko iska ce ke yoyo?

Mai GX, Mabera

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin motocin da ke hawa kan iska maimakon sifirin na ƙarfe. Ina da Lexus GX 470, kuma tun shigowar hunturun nan na lura cewa idan na ajiye ta da dare, da safe sai in tarar bayanta ya sauka har taya ta kusa shigewa cikin bodi. Da zarar na tayar da inji sai kwamfireso, wato famfon da ke hura iskar, ya kama aiki, ya daɗe yana gurnani kafin bayan ya ɗago, daga nan kuma ta yini tana tafiya lafiya lau. Bakaniken farko da na kai wa ya saurari ƙarar kwamfireson kawai, ya ce ya gaji, a sayi wani. Na biyu ko leƙa ƙarƙashin motar bai yi ba, ya ce a cire kayan iskar gaba ɗaya a sa sifirin na ƙarfe in huta. Kuɗin da kowannensu ya ambata ba kaɗan ba ne, kuma a cikinsu babu wanda ya nuna mini inda iskar take fita. Shin akwai hanyar da zan tabbatar da ainihin abin da ya lalace kafin in sayi wani abu?

Tsohon bakanike, Gawon Nama

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi kwamfireso tukuna. Kwamfireso ba ya aiki cikin dare, saboda haka ba shi ne ke riƙe da motar a tsaye ba sa'ad da kake barci. Abin da ke riƙe ta shi ne iskar da aka kulle a cikin balan-balan na roba guda biyu da ke bayan motar, tare da tiyon da ke kai musu iska da bawul ɗin da ke rufe hanya. Idan mota ta kwana a tsaye ta wayi gari a durƙushe, to iska ta samu mafita a ɗaya daga cikin waɗannan wurare uku. Daɗewar da kwamfireson yake yi yana gurnani, wahalar cike abin da ya zube ce, kamar mai zuba ruwa a randa mai yoyo. Idan ka sa sabo ba ka toshe yoyon ba, shi ma haka zai yi ta aiki ba hutu har ya yi zafi ya ƙone.

Ga abin da nake so ka yi yau da yamma. Ka ajiye motar a kan daɓe mai daidai, ba a kan yashi ko gangare ba, ka bari ta gama ɗagowa, sannan ka danna maɓallin da ke kashe aikin daidaita tsayi, wanda yake kusa da giya, kafin ka kashe inji. Ka ɗauki tef na awo ka auna daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodin da ke saman taya, hagu da dama, ka rubuta. Kada ka auna daga ƙasa, domin iskar taya tana iya ruɗar da kai. Da safe, kafin kowa ya buɗe ƙofa ko ya sa makulli, ka sake aunawa. Idan gefe ɗaya ne ya fi sauka, mun san ɓangaren da za mu bincika.

Malamin kimiyya, Arkilla

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina so in ƙara wani abu game da yanayi, tunda Alhaji ya ce da hunturu abin ya fara. Iska tana takurewa idan ta yi sanyi. Duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10, iskar da ke kulle tana raguwa da kimanin kashi 3 cikin 100, kuma a Sakkwato tazarar da ke tsakanin zafin la'asar da sanyin asuba a watan Disamba da Janairu tana wuce haka sosai. Saboda haka motar da babu abin da ya same ta ma tana iya ɗan sauka kaɗan da asuba, amma saukar tana zama ƙarama kuma daidai wa daida a kowane gefe. Saukar da za ta kai taya ta kusa shigewa bodi ba aikin sanyi ba ne shi kaɗai. Rawar da sanyi yake takawa a irin wannan hali ita ce, tsohuwar roba tana sandarewa da asuba, sai tsagar da zafin rana yake rufewa ta buɗe. Shi ya sa mutane da yawa ba sa ganin matsalar sai hunturu ya kama, alhali robar ta daɗe da tsufa.

Direba, hanyar Illela

Da izinin manya, ni ina bayan bakanike na biyu. Na daɗe ina tuƙa irin waɗannan motoci ga masu su, kuma na ga abin da ke faruwa idan balan-balan ya fashe a kan hanya. Mutum yana tsakanin Gwadabawa da Illela, bayan mota ya zauna daɓas a kan robar tsayawa, kowane rami sai ka ji shi a ƙashin bayanka, kuma babu wani gareji a wajen da zai ba ka mafita. Sifirin na ƙarfe ba ya sacewa, ba ya jin hunturu, ba ya bukatar fis ko sensa. An daina ƙera GX 470 tun 2009, ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 15. Yau a gyara hagu, gobe dama ta buɗe, jibi kwamfireso ya tsaya. Me zai hana a yi aiki sau ɗaya a gama?

Tsohon bakanike, Gawon Nama

Ɗana, maganarka tana da tushe, kuma ba zan ce kowa ya guji sifirin ba. Na sa wa mutane da hannuna, musamman waɗanda motarsu ta riga ta cinye kwamfireso da bawul da balan-balan duka, ko waɗanda aikinsu na ƙauye ne kullum. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke wannan hukunci ba a ko leƙa motar ba. Yoyon da ke damun Alhaji yana iya zama zoben roba ɗan ƙarami a bakin tiyo, wanda kuɗinsa bai kai na man da zai sha zuwa gareji ba. Kuma sifirin yana da nasa hasarar da ba a faɗa wa mai mota. Amfanin iska shi ne, ko ka cika bayan mota da mutane da buhunan hatsi, tana ɗagowa ta daidaita kanta. Da sifirin kuwa bayan zai zauna, gaba ya ɗaga, fitila ta riƙa haska idon mai tahowa. Idan kuma aka sa sifirin da ba na nauyin motar ba, wanda shi ne abin da aka fi yi saboda araha, tafiyarta tana canzawa a kan kwana. Mu fara gano cutar, sannan Alhaji ya zaɓi magani da idonsa a buɗe.

Balan-balan kuma ba ya fashewa haka kawai ba tare da gargaɗi ba. Yawanci yana yin makonni ko watanni yana yin irin abin da motar Alhaji take yi yanzu, mai mota yana cewa ai da an tayar da inji tana tashi.

Rewaya, Tudun Wada

Ina gaida Baba da sauran manya. Daga ɓangaren wuta akwai abu biyu da suke kama da yoyo alhali ba yoyo ba ne, kuma awon da Baba ya ce a yi shi ne zai raba su. Na farko shi ne sensar tsayi, wadda take da ɗan hannu da ke haɗe da ƙafar mota. Idan hannun ya lanƙwashe, ko ya yi tsatsa ya cije, ko ya ɓalle a kan hanya mai gargada, kwamfutar motar tana samun labarin ƙarya, sai ita da kanta ta buɗe bawul ta saki iska. Irin wannan motar za ka gan ta a karkace ko da inji yana aiki, amma idan aka kashe aikin daidaita tsayi aka bar ta ta kwana, ba za ta ƙara sauka ba. Na biyu shi ne rile na kwamfireso, wato ɗan makunnin da ke ba shi wuta ya kuma yanke ta. Idan ya manne, kwamfireso yana ci gaba da aiki ko an zare makulli, har batir ya mutu ko shi kansa ya ƙone. Duk wanda zai canza kwamfireso, ya canza rile tare da shi.

Sannan a kula, ba kowace babbar Lexus ce ke hawa kan iska ba. LX 470 da LX 570 da mai suke ɗagawa, suna da famfo da tankin mai na musamman, saboda haka wanda yake da su kada ya ɗauki wannan bayani ya je yana neman balan-balan. GX 470 kuwa iska ce, kuma a baya kawai, gabanta sifirin ne tun daga kamfani.

Mai Benz, Runjin Sambo

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa matsalar, domin ta yi kama da ta Alhaji amma ba ɗaya ba ce. Tawa Mercedes GL 450 ce, kuma ita ƙafafunta huɗu duka kan iska suke. Idan ta yi kwanaki a ajiye sai ta sauka gaba da baya baki ɗaya. Yaron da ke duba mini ita ya fesa ruwan sabulu a ko'ina, ya ce bai ga kumfa ba, don haka a ganinsa babu yoyo. To idan babu yoyo, ina iskar take tafiya?

Tsohon bakanike, Gawon Nama

Wa alaikumus salam, Hajiya, ranki ya daɗe. Rashin ganin kumfa ba ya nufin babu yoyo, kuma zan yi bayanin wannan da ɗan tsawo domin zai amfani Alhaji ma idan ya zo fesa nasa sabulun.

Da farko, saukar ƙafa huɗu ba ta nufin huɗun ne suka lalace. Wasu motoci, kuma Range Rover ta yi suna a kan haka, suna farkawa lokaci zuwa lokaci ko a kashe suke, su duba tsayinsu, idan suka ga kusurwa ɗaya ta sauka sai su saki iskar sauran domin su daidaita da ita. Da safe sai ki ga motar duka a ƙasa, alhali ƙafa ɗaya ce mai laifi. Maganin wannan ruɗani shi ne a cire fis na kwamfutar da ke kula da iskar bayan motar ta gama ɗagowa, a auna kusurwa huɗu, a bar ta. Wadda ta sauka ita kaɗai, ita ce ake nema.

Na biyu, yadda ake fesa sabulun. Balan-balan ba ya tsagewa a fili inda ido ke gani. Yana tsagewa ne a wurin da robar take naɗewa a kan gindinta, domin nan ne take lanƙwasa duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka, kuma nan ne ƙurar hunturu da yashi suke taruwa suna goge ta. Idan motar tana tsayinta na kullum, naɗin yana iya danne tsagar ya rufe ta. Sai an ɗaga motar zuwa tsayi na sama da maɓallinta, naɗin ya warware, an wanke laka da ƙura, sannan a fesa. A sake fesawa a tsayin kullum da kuma na ƙasa. A yi amfani da sabulun wanke kwanuka na ruwa, a dama shi da kauri yadda zai manne, kuma a yi haƙuri a jira. Babban yoyo yana busa ƙwai manya nan take, har ana jin sautinsa idan wuri ya yi shiru. Ƙaramin yoyo kuwa sai bayan mintuna za a ga wani farin kumfa mai laushi yana taruwa a hankali a wuri ɗaya. Yara da yawa suna fesawa su duba sau ɗaya su wuce. A bi kuma bakin kowane tiyo inda ya shiga balan-balan da inda ya shiga akwatin bawul, a bi tiyon da hannu a duba inda yake gogar ƙarfe ko ya matso kusa da salansa. Na taɓa samun wanda ɓera ya ci a motar da ta daɗe a ajiye kusa da ɗakin hatsi.

Na uku, akwai yoyon da sabulu ba zai taɓa nunawa ba, wato na cikin akwatin bawul. Idan bawul bai rufe ruf ba saboda datti ko tsufan robarsa, iska tana komawa baya ta cikin tiyo, ba ta fitowa waje balle ta yi kumfa. Hanyar gane shi ita ce, bayan an gano kusurwar da ke sauka, a sauke iskar a hankali, a musanya tiyonta da na ɗaya gefen a bakin akwatin, a cika, a cire fis, a bar motar ta kwana. Idan kusurwar farko ce ta sake sauka, laifin yana cikin balan-balan ɗinta ko tiyonta. Idan saukar ta koma ɗaya gefen, akwatin bawul ne. Bayan gwaji a mayar da kowane tiyo wurinsa kafin a tuƙa motar.

Ina roƙon kowa da girman Allah, kada wani ya shiga ƙarƙashin motar da iska ce kaɗai ke riƙe da ita. A sa ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi ko a hau rami. Idan tiyo ya fita, motar tana faɗowa cikin ƙiftawar ido. Motocin da ke da tankin ajiyar iska, irin Mercedes da Range Rover, matsin da ke cikinsa yana kai 150 ko fiye a ma'aunin masu faci, alhali taya 32 zuwa 35 ake ba ta. Ba a kwance irin wannan tiyo da gaggawa, kuma ba a sa fuska kusa da shi.

Mai Benz, Runjin Sambo

Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Yaron a tsayin kullum ya fesa, kuma bai cire fis ba. Zan sa a sake yi a gabana kamar yadda ka tsara.

Mai GX, Mabera

Jama'a, na dawo da sakamako. Na auna kamar yadda Baba ya ce, da safe na tarar hagu ya sauka da kusan inci 2, dama kuwa abin da ya rage bai kai faɗin yatsa ba. Muka hau rami, muka ɗaga motar zuwa tsayi na sama, muka wanke balan-balan na hagu. Da naɗin ya warware sai ga robar duk ta yi tsaga-tsaga ƙanana a zagaye, kuma da aka fesa sabulu, wuri ɗaya ta ɓangaren ciki ya riƙa tara kumfa. Bakin tiyo lafiya yake. Na dama bai yi kumfa ba, amma shi ma robarsa ta fara irin wannan tsagewar. Yanzu tambayoyina su ne: ana iya yi masa faci? Idan ba a yi, in canza na hagu kaɗai ko duka biyu? Kuma an kawo mini na Kwatano a kan kusan rabin kuɗin sabo.

Direba, hanyar Illela

To Alhaji, ka ga abin da nake faɗa, na dama ma yana kan hanya. Amma tunda kwamfireson yana da rai kuma bawul bai shiga cikin maganar ba, na yarda gyaran bai kai a tuge komai ba. Abin da zan ce kawai, idan za ka riƙe iskar, ka canza biyun kafin ka sake yin doguwar tafiya, kuma kada ka bari wani ya zuba maka ruwan toshe taya a ciki. Na ga an yi, ya bi tiyo ya shiga bawul ya kashe shi.

Tsohon bakanike, Gawon Nama

Alhamdu lillahi, an ga wurin. Faci ba ya zama a kan balan-balan, Alhaji, domin daidai inda ya tsage nan ne yake naɗewa ya warware dubban sau a tafiya ɗaya, kuma ba rami ɗaya ba ne, robar ce duka ta mutu. Ka canza biyun, tunda rana ɗaya aka sa su kuma hanya ɗaya suka bi. Game da na Kwatano, ni a kan ƙarfe ba na ƙin sa, amma roba shekaru ne ke cin ta ko tana aiki ko tana ajiye, kuma wanda aka ciro daga motar da ta yi sa'a da taka, tsufansa ɗaya da wanda kake cirewa. Idan hali bai ba da sabo ba, a lanƙwasa robar da hannu a wurin naɗin a duba ta a cikin rana, kuma a yi sharaɗin mayarwa idan ya sace.

Wajen sawa a kula da abu uku. Idan za a yanke bakin tiyo, a yanke shi da reza a miƙe, ba da filaya ba, domin filaya tana matse shi ya ƙi zama a cikin zoben roba. A tabbata balan-balan bai murɗe ba kuma ya zauna a mazauninsa sama da ƙasa. Sannan kada a sauke motar daga jak ta zauna da dukan nauyinta a kan balan-balan da babu iska, domin robar tana naɗewa ba daidai ba ta lalace tun ranar farko. A sauke ta zuwa kusa da tsayinta, a tayar da inji ya cika, sannan a zare jak.

Malamin kimiyya, Arkilla

Baba, akwai abin da nake so ka tabbatar mini. Na fahimci cewa a jikin kwamfireso akwai wani gwangwani mai ƙwayoyin da ke shanye danshi, kuma ƙwayoyin suna bushewa ne idan motar ta saki iska ta baya ta cikinsu lokacin da take sauka. Idan haka ne, motar da ta daɗe tana yoyo tana shigar da iska ta cikin gwangwanin amma tana fitar da ita ta wurin tsaga, ke nan danshin yana taruwa ba ya fita. Motar Alhaji kuwa mai yiwuwa tun damina take wannan yoyo a ɓoye.

Tsohon bakanike, Gawon Nama

Haka yake, Malam, kuma wannan ne dalilin da wasu suke canza balan-balan, bayan ɗan lokaci bawul ya fara ba su wahala. Idan ƙwayoyin suka jiƙe suka daɗe, suna dagargajewa su zama gari, garin kuma ya bi tiyo ya zauna a bakin bawul ya hana shi rufewa. Saboda haka, Alhaji, ranar da za a sa sababbin, ka sa a duba wannan gwangwani, idan an ga ruwa ko farin gari a bakin tiyonsa a canza shi ko a sake masa ƙwayoyi. A duba kuma matatar da kwamfireso yake shaƙar iska ta cikinta, domin a ƙurar garin nan tana toshewa da wuri, kuma idan ta yage ƙura ce ke shiga ta cinye zoben fistin. Bayan an gama, ka sake yin awon nan na dare da safe, kuma ka saurari kwamfireson. Idan yana ɗaga motar cikin ɗan lokaci ya yi shiru, ba ya sake tashi kana tsaye a danja, ka bar shi a wurinsa. Idan har yanzu yana daɗewa alhali awo ya nuna motar ba ta sauka, sannan ne za mu yi maganar gyara shi ko sayen wani.